Uwar da Yaƙi Ya Ci Ɗanta: Da Me Za Mu Tuna da Ita?

Mutanen Moriki, muna gaishe ku. Mutanen Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi, da na ƙauyuka da rugagen da ke tsakaninsu, da waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu suna saurarenmu daga inda suka sami mafaka, dukanku muna yi muku barka da war haka.

Batunmu na yau mai nauyi ne, saboda haka wanda ke tsaye ya nemi wuri ya zauna. Za mu yi magana a kan uwar da yaƙi ya ci ɗanta. Shi jarumin da ya faɗi ba ya rasa mai ambatonsa. Maganarmu a kan wadda ta haife shi ce, ta goya shi, ta yaye shi, sa'an nan wata rana aka yi sallama da maigida, ta ji muryoyin maza sun yi ƙasa-ƙasa a zaure, ta gane tun ba a faɗa mata ba. Tambayarmu ɗaya ce: da me al'umma take tuna wannan baiwar Allah? Za mu fara da gida, mu leƙa tarihin ƙasarmu, mu ƙetare teku mu ga yadda waɗansu al'ummai suka yi, sa'an nan mu komo ga abin da shari'a ta hana da abin da ta buɗe mana.

To, bari mu fara da gida.

Kowa a cikinmu ya san yadda ake yi idan an yi rasuwa. A yi wa mamaci wanka, a sa masa likkafani, kafin a fita da shi kuma a kira mahaifiyarsa ta tsuguna a kansa, ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Daga nan maza su ɗauki makara. Mata ba sa bin gawa. Iyakar uwa ƙofar da ta raba tsakar gida da zaure, abin da ya wuce nan sai labari. Kabarin ma tudun ƙasa ne da 'yan itatuwa da tsingaron tukunya, a ɗora ƙaya a kai saboda dabbobi, wanda in damina biyu ko uku ta bi ta kansa, ko waɗanda suka haƙa shi sai sun yi gardama kafin su nuna wurin. Haka muka gada, haka kuma ya fi kusa da sunna, ba mu da ƙorafi a kai.

Amma fa wannan duka ga wadda aka kawo wa gawa ne, yaƙi kuwa bai cika mayar da gawa ba. Sojan da ya faɗi a Borno, galibi a can ake binne shi, a aiko da saƙo, daga baya a aiko da jakarsa. Waɗanda aka kashe a daji ko a kan hanya, sau da yawa a jere ake sa su cikin gaggawa, masu jana'iza suna yi suna waige. Uwar irin waɗannan ba ta tsuguna a kan ɗanta ba. Yafewarta ta yi ta ne a kan tabarma, tana fuskantar bango.

Sai mata su cika gida. "Inna, ya haƙuri?" Ta ce, "Da godiya. Allah ya ba ni, shi ya amshi abinai." A yi sadakar uku, a raba gumba ko waina, jama'a su watse. Matar mamacin za ta shiga takaba wata 4 da kwana 10, duk unguwa an san halin da take ciki, ana yi mata kara. Marayunsa an san su, limami yana ambatonsu a huɗuba. Uwa kuwa, kwana 3 shari'a ta ba ta na zaman makoki, kamar sauran dangi. Ku saurara da kyau a nan, kada a fahimce ni a baibai: abin da shari'a ta iyakance shi ne ihdadi, watau barin ado da ƙamshi don nuna juyayi a zahiri, ba ta sa wa zuciya wa'adi ba, domin shi kansa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, idanunsa sun zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Mu ne muka ɗauka cewa in kwana 3 sun cika, haƙƙin uwa a kanmu ya cika tare da su. Alhali matar, in ta fita takaba, Allah na iya ba ta wani miji, ita uwa ba mai sake mata wannan ɗan.

Akwai kuma wani abu namu na gida, wanda baƙo ba zai gane shi ba sai an fassara masa, shi ne alkunya. In wanda ya faɗi ɗan fari ne, to, mahaifiyarsa tun ranar suna ba ta taɓa kama sunansa ba. Sai dai ta ce "wancan yaron", ko ta laƙaba masa wani suna na sakaye. La'alla ma da aka yaye shi kakarsa ko gwaggonsa ce ta ɗauke shi, a hannunta ya girma. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane ba, ba ta yabe shi a taro ba, a rugar Fulani kuwa abin ya fi haka tsanani. To, ranar da labari ya zo, wannan alkunyar ba ta sake ta. Gwaggo ta yi kuka a fili, kishiya ta yi kuka a fili, ita tana zaune shiru da carbi, mutane suna cewa, "Kai, wance akwai tawakkali." Akwai tawakkalin, ba mu musa ba. Amma ku lura da ita bayan mako biyu, sa'ad da ta zo awon tsabar tuwon dare: ta auna kamar yadda ta saba, har ta zuba rabonsa, sa'an nan ta tsaya, ta kwashe ta mayar cikin ƙwarya, ba ta ce da kowa komai ba. Ku duba ƙasan akwatinta, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa, za ku tarar da hularsa a naɗe.

Ku riƙe wannan magana, domin za mu sake komowa kanta. Wadda al'ada ta hana ta faɗin sunan ɗanta yana raye, ba za ta tashi ta nemi a rubuta shi bayan ya mutu ba, balle ta nemi a rubuta nata. In ba mu muka yi ba, ba mai yi.

Yanzu kuma sai kashi na biyu, tarihin ƙasar nan.

Wannan yanki da muke zaune a cikinsa ba baƙon yaƙi ba ne. A ƙarshen shekarar 1804 aka yi yaƙin Tsuntsuwa a kusa da Alkalawa, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ruwaito cewa jama'ar Shehu ɗan Fodiyo wajen 2,000 suka yi shahada, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. A 1806 Namoda, jagoran Fulani Alibawa, ya karya rundunar Gobir da mataimakanta a nan kusa da Zurmi. A 1808 Alkalawa ta faɗi, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a cikinta. Bayan haka shi ma Namoda ya faɗi a yaƙin Kiyawa, ga garin Ƙaura nan yana ɗauke da sunansa har gobe, duk mai hawa mota yana kiransa ko bai san tarihinsa ba. Wannan abin tunawa ne babba, gari sukutum. To amma mutum 2,000 na Tsuntsuwa, kowane ɗayansu mace ce ta haife shi, haka waɗanda suka faɗi a ɓangaren Gobir, haka shi Yunfa. Kuma ko da yake littattafai sun kiyaye mana sunan Hauwa mahaifiyar Shehu da Maimuna mahaifiyar Nana Asma'u, domin gidan ilmi ne da ake rubuta nasaba, dubban matan da suka zauna a Gobir da Zamfara suna jiran wanda ba zai dawo ba sun shuɗe ba tare da alƙalami ya bi ta kansu ba.

Ba wai magabatanmu ba su san tuna matattu ba ne. Sun sani, kayan aikinsu kuwa tawada ce da takarda. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wa abokansa da suka faɗi marsiyya, watau waƙar juyayi, a cikin Tazyinul Waraƙati. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi marsiyyoyi masu yawa, ba kuma ga sarakuna da waziri kaɗai ba, har ga matan da ta zauna da su, waɗanda ba su da sarauta sai kyawun hali. Ashe ke nan rubuta sunan mace don a riƙa tunawa da ita ba bidi'ar Nasara ba ce, gadonmu ne da muka yi sakaci da shi.

Da Turawa suka zo, yaƙi ya yi nisa da gida. A Yaƙin Duniya na Farko an kai sojan Nijeriya Kamaru da Gabashin Afirka. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya zo don gyaɗa da auduga, amma titin da ke fitar da amfanin gona shi ne kuma ke fitar da samari. A Yaƙin Duniya na Biyu rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi da Japan a dazuzzukan Bama a 1944 da 1945, 'yan Arewa kuwa suna da yawa a cikinsu. An tuna da wuraren da suka yi artabu, har aka sa wa barikoki sunayensu, kamar barikin Myohaung da na Arakan a Legas. An tuna da wuri, an tuna da runduna. Su kansu mutanen fa? A watan Afrilu na 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto, ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, alhali an rubuta na Turawa ɗaya bayan ɗaya, har ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. In ɗan ma ba a rubuta shi ba, ina batun uwarsa?

Sai yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970. Wannan rana ce ta zama ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda kuke ji a rediyo kowace shekara: a yi fareti a Abuja da manyan biranen jihohi, a harba bindiga, a saki tattabaru, shugabanni su ajiye furanni, wakiliyar matan da mazajensu suka rasu ita ma ta ajiye nata. Madalla da wannan. Sai dai ni a ganina jerin bai cika ba, tun da ba a saba ganin an kira wata tsohuwa an ce ga wakiliyar iyaye mata ba.

Na yau kuwa ba sai na ba ku labari ba, ku ne masu ba da shi. Mutanen Birane sun san harin da aka kai musu a Fabrairun 2018. Mutanen Kadawa da maƙwabtansu a ƙasar Zurmi sun san watan Yuni na 2021, sa'ad da aka kashe fiye da mutum 50. Tun da aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, su ma sun shiga sahun waɗanda iyayensu mata ke kwana da kunne a ƙofa, tare da iyayen soja da 'yan sanda da 'yan sa-kai.

Jama'a masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan uwar da yaƙi ya ci ɗanta, da abin da ya kamata a tuna da ita da shi. Mun zo kashi na uku, bari mu ƙetare teku.

A Amurka, tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko, gidan da ke da ɗa a fagen fama yakan rataya 'yar tuta a taga mai shuɗin tauraro, in ɗan ya mutu sai a mayar da tauraron na zinariya, duk mai wucewa ya san abin da ya sami gidan ba sai ya tambaya ba. A 1928 wata mata mai suna Grace Seibold, wadda ɗanta matuƙin jirgin sama ya mutu a Faransa a 1918, ta tara irinta suka kafa ƙungiyar iyaye mata masu tauraron zinariya. Daga 1930 zuwa 1933 gwamnati ta ɗauki nauyin mata fiye da 6,000, iyaye da matan aure, ta kai su Turai a jirgin ruwa don su ga kaburburan nasu. Tun 1936 kuma aka keɓe musu Lahadin ƙarshe ta watan Satumba. Amma ga wani abin takaici da ya kamata mu ɗauki izina da shi: iyaye mata baƙaƙen fata an ware su, aka sa su a jirage dabam da masauki dabam, har waɗansu suka ƙi tafiya. 'Ya'yansu sun mutu a yaƙi ɗaya, aka bambanta hawayen iyayen.

A Kanada, tun 1919 ake ba uwa ko matar sojan da ya mutu lambar azurfa, kowace shekara kuma a zaɓi uwa ɗaya ta ajiye furanni a birnin Ottawa ranar 11 ga Nuwamba a madadin sauran. A Jamus wata mai sassaƙa, Käthe Kollwitz, da aka kashe ɗanta Peter a 1914 yana ɗan shekara 18, ta yi ta fama har 1932 kafin ta gama siffar uwa da uba a durƙushe, aka kafa a maƙabartar soja a Beljiyam. A Biyetnam, a 1994 hukuma ta ƙirƙiro laƙabin girmamawa ga irin waɗannan iyaye, a 2015 kuma aka buɗe wani ƙaton mutum-mutumi na dutse da aka yi da kamannin wata tsohuwa, Nguyen Thi Thu, wadda ta rasa 'ya'ya maza 9. Dutsen ba shi ne ya burge ni ba. Abin da ya burge ni shi ne laƙabin yana tafe da kuɗin wata-wata, ana kuma danƙa wa ma'aikatu da kamfanoni ɗawainiyar waɗanda ke raye har ƙarshen rayuwarsu.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Bosniya, domin Musulmi ne 'yan'uwanmu. A watan Yuli na 1995, a garin Srebrenica, aka ware maza da samari daga mata, aka kashe fiye da 8,000 cikin 'yan kwanaki, aka zuba su a ramuka, daga baya aka tone ramukan da motocin haƙa aka warwatsa ƙasusuwan a waɗansu ramukan don a ɓatar da sawu. Iyaye mata da suka tsira, waɗanda akasarinsu matan ƙauye ne da ba su taɓa tsayawa gaban hukuma ba, suka haɗa kai, suka tattara sunaye da hotuna, suka ba da jininsu aka gwada shi da ƙasusuwan da ake tonowa don a gane ɗan wa ne, suka kuma nace sai an yi maƙabarta a Potocari, daidai wurin da aka raba su da 'ya'yansu, har aka buɗe ta a 2003. Ɗaya daga shugabanninsu, Hatidza Mehmedovic, mijinta da 'ya'yanta maza biyu aka kashe. A wurin akwai rumfar salla, akwai dogon dutse da aka zana sunaye a jere, kowace shekara kuma ranar 11 ga Yuli ana sallatar waɗanda aka gano a binne su. Abin da waɗannan mata suka fara nema suna ne. A tabbatar da wane ne ya mutu, ɗan wa ne, a rubuta.

Wannan ya kawo mu kashi na huɗu: mu fa, me shari'a ta ce?

Mutum-mutumi dai ba namu ba ne. Sassaƙa surar mai rai a kafa ta don girmamawa abu ne da malamanmu suka hana, hadisai kuma sun hana yin gini a kan kabari, saboda toshe ƙofar da ke kai mutane ga wuce iyaka. Ba mai kira a kafa siffar wata tsohuwa a kasuwar Shinkafi. To amma wanda ya tsaya a kan hani kaɗai, ya ce shi ke nan addini ya rufe maganar, bai karanta sira ba.

Buhari ya ruwaito labarin Ummu Harisa, wadda kibiya ta sami ɗanta ranar Badar a shekara ta 2 bayan hijira. Ta zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, tana tambayar makomarsa, tana nufin in yana Aljanna ta yi haƙuri, in ba haka ba ta yi kuka iyakar iyawarta. Bai kore ta ba, bai ce ta koma cikin mata ta yi shiru ba, ya saurare ta, ya yi mata bushara da cewa ɗanta yana Firdausi. Shugaban al'umma ne da kansa ya amsa wa uwa tambayarta. Sai Hansa'u, shahararriyar mawaƙiyar Larabawa, wadda masu tarihi irin su Ibnu Abdil Barri suka ruwaito cewa 'ya'yanta 4 sun yi shahada a yaƙin Ƙadisiyya zamanin Sayyidina Umar, ko da yake waɗansu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin labarin. Masu wa'azi suna son ambaton haƙurinta, daidai ne, sai dai sukan manta ƙarshen ruwayar, inda aka ce Umar ya ci gaba da ba ta rabon 'ya'yan nan 4 daga baitulmali har ya bar duniya. Haƙuri nata ne, ɗawainiya ta hukuma ce.

Game da abin da za a gina kuwa, ga Sa'adu ɗan Ubada. Da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, wace sadaka ce ta fi, ya ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya a Madina ya ce ta Ummu Sa'adu ce. Rijiya da sunan uwa, tun zamanin sahabbai. Alhazanmu kuma sun ji labarin Ainu Zubaida, magudanar ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo wa Makka, da rijiyoyi da tafkunan da ta gina a hanyar alhazai daga Kufa. Ita ma uwa ce da yaƙi ya ci ɗanta, domin an kashe ɗanta halifa Aminu a Bagadaza a shekarar 813 cikin yaƙinsa da ɗan'uwansa Ma'amun. Fadojin Bagadaza na wancan zamani sun rushe, sunanta kuwa ya wanzu a kan ruwa. Wannan shi ne wakafi, watau dukiyar da aka tsare, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta na jama'a ne. Shi ne kuma sadakatul jariya, sadaka mai gudana.

Yanzu sai kashi na ƙarshe, abin da za a iya yi a Moriki da Zurmi da Ƙaura da Shinkafi ba tare da jiran Abuja ba.

Ranku ya daɗe, sarakuna da hakimai da dagatai. Allah gafarta malamai, limaman Juma'a da na hamsus salawati. A kowane gari a sami littafi mai bango mai ƙarfi, a ajiye shi a masallaci, a yi kwafinsa a ajiye a fada, a rubuta da boko da ajami: sunan wanda ya faɗi, da ranar, da wurin, da sunan mahaifinsa, da sunan mahaifiyarsa. Na sake faɗi, da sunan mahaifiyarsa. Kada a aika namiji ya tambaye ta a zaure, ba za ta faɗa ba, kun san dalili. A aika malama ko ungozoma ko wata dattijuwa ta shiga ɗaki ta zauna, ta tambayi gwaggo ko ƙanwa a gabanta, ita sai ta gyaɗa kai. A yi shi yanzu, tun masu shaida suna raye, domin garin da aka watse aka bar shi kango, in aka ƙara shekara 20, ba mai iya lissafa wa ya faɗi a cikinsa.

Wa za a rubuta? A nan ne za a gwada mu, kamar yadda aka gwada mutanen Amurka suka faɗi. A rubuta uwar manomin da aka harbe a gonarsa. A rubuta uwar askari da ta ɗan sa-kai da ya fita kare garinsu. A rubuta uwar sojan da aka turo daga Inugu ko Ibadan ya faɗi a dajin Zurmi, wadda ba ta ma san yadda ake furta sunan garin ba. A rubuta uwar Bafulatani makiyayi da aka kashe a kasuwa ba da haƙƙinsa ba, don kawai kamanninsa. Na san akwai wanda ransa zai sosu da wannan, amma jikokin waɗanda suka gwabza a Alkalawa yau sahu ɗaya suke salla, sun auri juna, littafin da ya tsallake wata uwa saboda ƙabilarta kuwa sabuwar gaba zai haifa. Shi wanda ya ɗauki makami ya far wa bayin Allah, ba shi da gurbi a littafin girmamawa, wannan ba gardama. Sai dai mahaifiyarsa, in ba ta sa hannu a ta'asarsa ba, shari'a ba ta ɗora mata laifinsa ba, bai kamata a hana ta ruwa a rijiya ba.

Ga masu hali kuma, da 'yan siyasa masu neman inda za su rubuta sunansu: rijiyar burtsatsen da za ku haƙa, da ajin Islamiyya, da ɗakin haihuwa a asibitin ƙauye, ku sa musu sunan waɗannan iyaye. In matar ta ji nauyin a kama sunanta, a ce rijiyar iyayen shahidai. Akwai Hukumar Zakka da Wakafi a Gusau, a bi ta hannunta a yi takarda, don kada bayan shekara 5 wani ya ce filin na kakansa ne. A ware kuma wani abu na gyara tun farko, rumfar haya ko 'yar gona, domin fanfon da ya lalace da sunan baiwar Allah a jikinsa wulaƙanci ne a kan rashi.

Sai maganar gado, wadda aka fi zaluntar iyaye mata a cikinta saboda alkunyarsu. Uwa tana cikin magadan da ba mai shamakance su, watau ba wanda zai hana ta gado gaba ɗaya. In mamacin ya bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗansa, ko yana da 'yan'uwa biyu zuwa sama, tana da sudusi, kashi 1 cikin 6. In ba haka ba tana da sulusi, kashi 1 cikin 3, bisa tafsilin da malaman fara'ili suka yi. Soja ko ɗan sanda yakan cika takarda ya rubuta wanda za a nema in ya rasu, amma rubuta sunan mutum a wannan gurbi ba ya mayar da shi magaji shi kaɗai. In kuɗin sallama ya fito, ko diyya, ko tallafin gwamnati, a kai maganar gaban alƙali ko malami masanin fara'ili kafin a taɓa ko kwabo. In Inna ta ce ta bar wa jikoki, a fara danƙa mata rabonta a hannu tukuna, ta ƙirga, ta kwana da shi, in gari ya waye ta bayar da son ranta a gaban shaidu.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan wannan mas'ala ta gado daki-daki, da yadda ake neman haƙƙin ma'aikacin tsaro da ya rasu a bakin aiki, saboda haka wanda ke da tambaya ya tanade ta.